Yadda Aka Daina Cin Masar Colette

Kowa da abin da ya gada: wani gona, wani shanu, wani rigimar da ba ta ƙarewa. Colette tandar masa ta gada, da murhu, da wani gefen inuwa a tashar Dogon Dutsi, daidai inda motocin Tibiri da Geceme ke lodi. Uwarta ce ta kafa wurin, kuma ba da sauƙi ta kafa shi ba. Kirista ce a garin da kusan kowa ke salla, abinci kuwa ba atamfa ba ne da za a ɗaga a duba a rana. Sai an yarda da kai ake kai abinka baki. Tsohuwar da tsabta ta sayi yardar nan. Kwanonta wankakke, ƙullunta a rufe, farcenta a yanke, hannun da ke juya masa ba ya taɓa kuɗi. Ranar da ciwon ƙafa ya zaunar da ita a gida, ta kira Colette ta ce, "Ba masa suke saye ba, ɗiyata, hannunki suke saye. Ki tsare shi."

Ta kuwa tsare shi, har ta fi uwar. Masarta ta gero ce da 'yar shinkafa, gefe ƙaras-ƙaras, ciki laushi, tsaminta daidai. Direbobi suka kasa faɗin Colette, suka mayar da ita Kwalati, ita ma ta haƙura tana amsawa. Malam Jibrilla, tsohon direban hanyar Tibiri, ba ya tada mota sai ya zauna a bencinta ya ci ya suɗe yatsa. Fasinja su yi ta mita, "Malam, rana na yi!" Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya ce, "Ku yi haƙuri, mota ta sha nata, ni ban ci nawa ba."

A gefenta Sa'adatu ke tuyar ƙosai. Murhunsu kusa da juna, in wutar ɗaya ta mutu sai ta ɗebo garwashi a ta ɗayar. Sa'adatu irin matan nan ce da bakinsu ba shi da birki, amma cikinta fari fes. Da salla ta kawo wa Colette nama, da Kirsimeti Colette ta kai mata shinkafa, shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba.

Colette ta auri Jérémie, kafintan da ke yi wa majami'arsu benci, mutum shiru-shiru wanda sai ka matsa kusa kake jin gaisuwarsa. Shi ɗan Lugu ne. Karatu ya kawo shi Dutsi yana yaro, ya shiga addinin masu karantar da shi. Uwarsa kuwa, Inna Tanoma, tana can ƙauye, ta ce ita ba za ta bar iskokin gidansu su kwana da yunwa ba. Ba ta tsani surukarta ba, kar a ɗora mata abin da ba ta yi ba. In ta zo gari har tsamiya da gari take kawo mata.

Cikin fari ya shiga, murna ta hana Colette riƙe bakinta. Ranar Lahadi bayan sujada ta raɗa wa matan zumunta, suka kewaye ta da waƙa da addu'a. Wata bai zagayo ba cikin ya zube. Na biyu ta yi wayo, Sa'adatu kaɗai ta gaya wa. Shi ma ya bi ɗan'uwansa. Wannan karon ba ta ko iya kuka ba, kwance kawai take tana kallon rufin ɗaki.

A nan ne Inna Tanoma ta hawo mota ta zo. Ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, "Wa kinka gaya wa?"

"Inna, masoyana ne. Ba mai nufina da sharri."

"Wa ya ce sai maƙiyi? Bakin masoyi ma kamawa yake. Ɗanyen ciki ɗanyar tukunya ce, ɗiyata, ba a hito da ita cikin ruwan sama. In Allah ya sake ba ki, ki kulle bakinki. Ko an tambaye ki, ki ce babu. Ko gidan likita kar ki taka, can ma idanu ne. Ki bari sai ya hito da kanshi ya gaida mutane."

Colette mai addu'a ce, ta san abin da ake koya musu game da irin wannan magana. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sau biyu ta faɗa, sau biyu ta rasa. Ta kama hannun tsohuwar ta yi mata alkawari.

Bayan girbi, ciki na uku ya shiga. Kai, wannan ciki bai zo da wasa ba! Biyun farko ko ciwon kai ba su sa ta ba, wannan kuwa da laulayi ya yi sallama. Amai da safe, amai da rana, warin mai ya zame mata abokin gaba, ga shi kuwa a bakin mai take wuni. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan miyau. Matar da tun tasowarta ba a taɓa ganin ta tofar a gaban mutane ba, sai ga bakinta ya zama rijiya. Ta tofar yanzu, kafin ta juya masa ɗaya ya sake cika. In ta daure ta haɗiye, zuciyarta ta tashi, amai ya biyo baya. Da safe ta tarar da matashin kanta sharkaf. Bakin nan kullum da ɗanɗanon ƙarfe, kamar ta kwana tana tsotsar ƙusa.

Sai dasashi ya ɗauka. Ya kumbura, ya yi ja, asuwaki na taɓa shi sai jini. Ta tsorata, ta ajiye asuwakin gaba ɗaya, wai kada ta ƙara wa kanta ciwo. Abin da ke kwantar mata da tashin zuciya kuwa tsami ne, don haka ta wuni da tsamiya a kunci, ko lemun tsami da sukari. Ba ta san tana ciyar da tsutsar haƙori ba. Can sai ga wani ɗan ƙari ya tsiro a dasashin sama, tsakanin haƙoranta na gaba, ja kamar nunanniyar magarya, ko harshe ya goge shi sai ya zubar da jini.

To, mai sayar da abinci da tofar da miyau, ina aka taɓa haɗa su? Colette ta nemi gwangwanin tumatir, ta cika shi da toka, ta tura ƙarƙashin kujerarta, gefen zanenta ya rufe shi. In baki ya cika sai ta sunkuya kamar mai gyara itace, ta tofar, ta ɗauraye hannu, ta ɗago. Ta rage magana, ta rage dariya. Malam Jibrilla ya tsokane ta, ta amsa da ka. Ta sa babbar riga, ta yi ta lallaɓawa tana ƙirga watanni a zuci, tana roƙon Allah ya kai ta lokacin da cikin zai fito ya yi magana a madadinta.

Ranar kasuwa ce abin ya faru, tasha cike maƙil. Wata akuya, Allah wadan akuyar tasha, ta biyo ɓawon lemu ta kutsa ƙarƙashin kujera, ta yi fatali da gwangwanin. Ya gangaro har gaban benci, ya kife. Toka ta watse a jiƙe, dunƙule-dunƙule, ga jini ja a ciki, wani sabo wani ya yi baƙi. Mutum biyar ko shida na zaune da kwanonsu a hannu, kowa ya gani.

Cikin masu cin akwai wata dattijuwa 'yar Dumega da ke jiran mota. Ta dubi tokar, ta dubi wuyan Colette, sai ta dafe ƙirji. "Wayyo ɗiyata! Haka maigidana ya hwara. Rama, da tohi, da jini. Tarin huka ne wanga, ki tahi likita tun da sauran kwana."

Ba da mugunta ta faɗa ba, har da ƙwalla a idonta. Amma tarin fuka ba sunan da ake ambata a bakin tanda ba ne. Hannaye suka tsaya tsakanin kwano da baki.

Sai Sa'adatu ta yi tsalle ta miƙe da matsamin ƙosai a hannu. "Haba Inna, wane irin tari? Kun taɓa jin ta yi tari? Ku maza ba ku san komi ba, ke kuwa Inna kin manta. Ciki ne! Ciki gare ta! Ni nan da na yi cikin Idris, kwano nike yawo da shi. Ku ci abinku, jinin dasashi ne."

Wallahi ta gama ceton ta. Wani har ya fara dariya, Malam Jibrilla ya buɗe baki zai ce barka. Da Colette ta sunkuyar da kai kawai, ta yi murmushin kunya irin na mata, da magana ta mutu a wurin. Amma ita ba ceto ta ji ba. Abin da ta ji shi ne an kira sunan cikinta da ƙarfi a tsakiyar tasha, ranar kasuwa, a kunnen baƙo da ɗan gari. Ta ji kamar mararta ta murɗa. Tsoro ya rufe mata ido, ta miƙe tsaye ta ce, "Wa ya gaya miki? Ƙarya ne! Ba ni da komi. Ni ba ni da ciki, kar ki sake ɗora mini!"

Colette ce fa, wadda ba a taɓa kama ta da ƙarya ko ta canjin dala ba. In ta ce babu, to babu. In kuwa ba ciki ba ne, me ya rage? Sa'adatu ta tsaya baki buɗe, kunya ta lulluɓe ta, ta ce, "To, Allah shi ba ki haƙuri," ta koma kan kujerarta. Malam Jibrilla ya ajiye kwanonsa a hankali, bai zubar ba, bai kuma ƙarasa ba. Ya ce, "Allah shi ba da lahiya, Kwalati." Ya je ya tada mota, dattijuwar Dumega na gidan gaba.

Labari a tasha ba ya biyan kuɗin mota. Kafin la'asar ya sauka Tibiri, washegari yana Geceme, ya dawo Dutsi ya yi ƙiba. Wai an ga tana aman jini. Wai uwarta ma ba ciwon ƙafa ba ne. Tir da bakin mutane! Wanda bai taɓa zuwa tashar ba ma sai ka ji yana rantsuwa a gabansa aka yi.

Da zaginta suka yi, da ta samu abin ramawa. Ina! Kirki suka kashe ta da shi. Mutum ya tsaya daga nesa, ya ɗaga hannu, "Kwalati, ya jiki? Allah shi ƙara sauƙi," ya wuce wurin mai shayi. Ta toya tanda ɗaya, masa ta huce a kwano, ta bushe. Ta rage ƙullu, ta sake ragewa, duk da haka da saura take komawa gida. A majami'a ma haka. Matan da suka yi mata waƙa su ne suka ware mata moɗa tata ita kaɗai, wai don kar a wahalar da ita jira. Da aka tashi girkin bikin wata yarinya, ita da aka saba damƙa wa babbar tukunya, sai shugabar zumunta ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ke dai huta a inuwa, 'yar'uwa, mun ɗauke miki." Ta zauna a inuwar tana kallonsu, takaici kamar ya kashe ta.

Jérémie ya san gaskiya, ai mijinta ne. Namiji ba ya tallar cikin matarsa, abin kunya ne, amma da ya ga inda abin ya dosa sai ya ajiye kunyar. Wata yamma ya dawo daga aiki, garin katako a gashinsa, ya tarar da ita zaune gaban kwanon masar da ba a saya ba. Ya tsuguna ya ce, "Bari in sami Malam Jibrilla, shi kaɗai. Kalma ɗaya zan gaya mishi, shi ya san yadda zai yi da sauran."

Ta tofar a sabon gwangwaninta, ta goge baki. "In ka hwaɗi, abin nan ya zube, wa zai maido mini da shi? Malam Jibrilla?"

"Colette, wurin uwarki ne ke tahiya."

"Na sani. Ka ɗauka ban sani ba? Kullum ina kallon shi yana tahiya." Sai kuka ya ƙwace mata. "Wanga ya hi sauran daɗewa, Jérémie. Jiya na ji ya motsa. Ka bar ni."

Ya bar ta. Gaba kura, baya sayaki, kuma ba a jikinsa abin yake ba. Sati bai cika ba ta kife tandar a bayan ɗaki, ta daina fita.

Cikin ya fito lokacin da zafi ya fara tsanani, ya fito sosai, ba rigar da za ta ɓoye shi. A kwanakin ne Sa'adatu ta yi sallama, karo na farko tun ranar akuya. Ta shigo da fushinta da ƙosai a leda, idonta ya sauka a kan cikin, ta saki ledar.

"Colette! Ke ko? Gaban mutane kinka ƙaryata ni! Na ruhe miki asiri, kin sa hannu kin yaye. Har ni na koma ina ce ma mutane na tambaye ta, ta ce babu. Da bakina na taya su kashe ki!"

Colette ta gaya mata alkawarin da ta yi wa surukarta. Sa'adatu ta yi tsaki, ta yi kuka, ta zagi tsohuwar, ta nemi gafarar Allah. Da za ta tafi sai ta tsaya tana murza gefen mayafi. Ashe da magana ta zo. Direbobi sun dame ta, sun saba karyawa da masa, tun da ba kowa a wurin ko za ta riƙa toya kaɗan? Riƙo kawai, kafin mai wuri ta dawo. Colette ta dube ta, ta san ba cin amana ba ne, Sa'adatu 'ya'ya gare ta. Ta ce, "Toya."

Sai a lokacin Colette ta je awo. Ungozomar, wata Madam Eliane mai faɗa kamar ta ari baki, ta sa ta buɗe baki, ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Ina kika shiga tun tuni? Wannan ai ba baƙon abu ba ne. Ciki kan kumbura dasashi ya sa shi jini, ya ƙara miyau, ga amai yana wanke haƙori da tsami. Ke kuma kin ajiye asuwaki kin ɗauki tsamiya da sukari! Da kin zo da wuri, abin da zan ce miki kaɗan ne: ki kurkure baki da ruwa bayan amai, ki goge haƙori a hankali ko yana jini, kar ki bari. Ƙarin nan in kin haihu zai sauka. Amma turamen haƙorin nan biyu sun riga sun tafi." Don a kashe zancen tarin, ta tura ta aka auna majinarta. Ƙirjinta fes, ba komai. Jérémie, mutumin da ba a jin muryarsa, ya bi tasha rumfa-rumfa yana faɗa. Kowa ya ce, "To madalla, haka muke so."

Farkon damina ta haifi 'ya mace, ƙatuwa, mai kuka kamar an aiko ta. Suka sa mata Ornella. Ranar nan Colette ta manta da tanda, ta manta da tasha, ta rungume abarta tana dariya da kumburarren bakinta. Inna Tanoma ta zo da kaza biyu, ta ɗaga jikar sama ta ce, "Kin gani? Shiru ya raya ta." Madam Eliane ta ce ba ruwan shiru, cikin da zai zauna zai zauna. Wa za ka bi? Ita kanta Colette har yau in ka tambaye ta, sai ta ce ita dai ta san ta yi magana sau biyu ta rasa, ta yi shiru sau ɗaya ta samu.

Miyau ya ɗauke kamar an rufe famfo, ƙarin ya sauka. Aka cire mata turame biyu. Da ta yi arba'in ta wanke tanda, ta sayi sabon kwano, ta goya Ornella, ta koma wurinta da asuba. Sa'adatu ta cika alkawari, ranar ba ta jiƙa ƙullun masa ba. Tasha ta taso kanta da murna. "Kwalati ta dawo! Ashe abin da kinka ɓoye muna ke nan! Kai, wagga ɗiya ta yi kama da ubanta." Aka karɓi jaririya hannu-hannu, aka sa mata albarka. Masa ta soyu, ƙamshi ya tashi kamar da. Suka gama wasa da yarinya, suka miƙo ta, kowa ya tuna yana da abin yi.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai zauna a tashar Dutsi ba. Wasu suka ce ai ciki ba ya hana tari, ana iya haɗa biyu. Wasu suka ce da bakinta ta ce babu, to ranar can ta yi ƙarya ko yau? Baƙi da ba su san komai ba su zauna su saya, kafin su kai loma ta biyu wani ya raɗa musu a kunne. Kwana kaɗan direbobi suka koma yi wa Sa'adatu naci, ita kuma ta jiƙa ƙullu tana kawar da kai.

Wata safiya Colette ta kasa daurewa. Malam Jibrilla ya zo wucewa, ta tare shi. "Malam, tun ina goye a bayan uwata kake cin masar wurin nan. An auna ni, ka sani. Ga ɗiyar, ka ɗauke ta da hannunka. Mi na yi maka?"

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana juya makullin mota. "Ba ki yi mini komi ba, Kwalati. Na san lahiyarki lau, ko gaban alƙali sai in rantse. Na gwada, Allah ya sani. Amma in na ɗauko masar zan kai baki, sai in ga tokar nan. Ba ni ba ne, zuciya ce ta ƙi."

Gara ma masu ƙaryar. Da su ana iya musu, wannan kuwa da me za ta amsa? Ta koma ta zauna, mai yana ƙonewa a tanda.

Ta yi naci, don Colette ba ta san saranda ba. Ta bar tasha ta koma ƙofar wata lakwal, makarantar yara, sunan ya riga ta isa. Ta gwada bakin kasuwa, haka. Shekara ta zagayo, haƙorin gaba da ƙarin ya zauna a kansa ya yi ta girgiɗi har ya fita. Ta koyi rufe baki da gefen mayafi in za ta yi dariya, don kunyar giɓi. Masu gani suka ce, "Ka ga, har yanzu tana kare tarin." A ƙarshe ta ba wata ƙanwar mijinta aron manyan kwanoninta, ta kasa gawayi da sabulu a ƙofar gida, abin da ba mai kai wa baki. Ana saye kuwa, har da layi. Matar da farcenta ke fari tas ta koma mai baƙin hannu. Wani cikin bai sake zuwa ba.

Ornella ta girma, yarinya mai wayo da surutu, ita ce hasken gidan. Duk abin da aka rasa, in Colette ta dube ta sai ta ce an biya ta. Ba ta taɓa ba ta labarin ba. Yaro ne, me za a ce masa?

Shekarar da yarinyar ta shiga aji biyu, aka ce ranar rufe lakwal kowane ɗalibi ya kawo abin ci daga gida a haɗa a yi shagali. Ornella ta zo da saƙon tana tsalle. Colette ta zagaya bayan ɗaki, inda tandar ke kife. Yara ne, ta ce a ranta, ba a haife su ba lokacin, ba abin da suka gani. Ta jiƙa gero da shinkafa, ta kai niƙa, ta dirje hannunta da sabulu har fatar ta yi zafi. Da gari ya waye ta hura wuta. Hannun bai manta ba. Masar ta tashi gefe ƙaras-ƙaras, ƙamshi ya tsallaka katanga. Ta jera ta a kwano mai murfi, ta ɗaure da sabon ƙyalle, ta ɗora wa yarinyar a ka. Ta wuni tana auna gawayi tana 'yar waƙa, abin da Jérémie ya daɗe bai ji ba.

Da azahar Ornella ta dawo, ba tsalle. Ta sauke kwanon a gaban uwarta. Colette ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfi. Yadda ta jera su haka suke, ko ɗaya ba a taɓa ba.

"Ba a yi shagalin ba?"

"An yi." Yarinyar na kallon ƙasa. "Amira ta ce kakarta ta ce ba a cin abincin gidanmu. Sai duk suka ƙi."

Colette ta ji abin ya soke ta har ƙashi, amma ta haɗiye. Ta yi murmushi, ba ta ko rufe giɓin ba. "Rabu da su, su suka yi asara. Zo mu ci abinmu. Ke ba ki taɓa cin irin wannan ba, ɗauki ki ji."

Ornella ba ta motsa ba. Ta ɗago ido, idon nan cike da ƙwalla da tsoro, ta ce a hankali, "Mama, in na ci ba zan kamu ba?"

Maganar duk tana nan a bakin Colette: akuyar, da tokar, da abin da ta saya da wurin uwarta, da wadda aka saya ɗin, ga ta tsaye a gabanta. Ta dubi 'yar ƙaramar fuskar, ta ga ba kafaɗar da za ta ɗauki wannan kaya. Ta ce, "Ba za ki kamu ba, ɗiyata. Ba ni da komi."

Yarinyar ta matso, don ba ta son ɓata wa uwarta rai. Ta sa yatsa biyu ta ɗauki ɗaya ta gefe. Ta juya ta, ta sake juyawa. "Bari in je waje in ci, nan akwai zafi."

"Je ki," in ji Colette.

Ta zauna da kwanon a cinya. Jim kaɗan ta ji kaji sun ruga bayan ɗaki, inda yarinyar ta nufa, suna wawa.